Tayoyi Huɗu da Gashin Bakin Bu Sagar

Ni Bu Nawaf, shekara ashirin da shida ina sayar da taya a Shuwaikh, a ƙasar Kuwait. Na ga wawaye iri-iri sun shigo shagona sun fita, amma wanda ya fi su duka ba ni da ikon korarsa, domin ƙanwarsa Lulwa nake aure. Sunansa Mishari, muna kiransa Bu Sagar, wato baban Sagar, saboda babban ɗansa. In ka ce kanka na ciwo, shi likita ne. In ka ce za ka yi gini, shi tun yana firamare yake zana gidaje. Ko limaminmu bai tsira ba, ya taɓa tare shi a ƙofar masallaci yana gyara masa huɗuba.

Abu biyu Allah ya ba shi da gaske, ba zan ci haƙƙinsa ba. Na ɗaya, ya iya tuƙi a yashi. In sanyi ya shigo muka fita kafa tantuna a hamadar Subiya, babu tudun yashin da ba ya hayewa. Na biyu, gashin baki. Kai, gashin baki! Baƙi wuluk, mai kauri, gefe biyu a murɗe sama, da man shafawarsa daban, da ɗan matajinsa a aljihun gaba. Tun yana ɗan shekara sha tara aska ba ta taɓa leɓensa na sama ba. In zai yi magana sai ya murza shi, in zai yi ƙarya sai ya murza sau biyu.

Bara, ana tsakiyar zafi, Bu Sagar ya sayo mota 'yar Italiya, ruwan ɗorawa, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa har sai mutum ya durƙusa kafin ya shiga. Mako uku yana kai da komo a titin bakin teku, yana taka totur a danja yana firgita masu kekuna. Ranar wata Litinin bayan Magariba ya shigo diwaniyar Kawu Abdulmuhsin, wato zauren da muke taruwa shan gahawa, ya ajiye mukullin motar a tsakiyar faranti, kusa da dabino, yadda kowa zai gani.

Kawu Abdulmuhsin ƙanin mahaifiyarsu ne, tsohon malamin lissafi, shekararsa sittin da takwas. Yana da wata 'yar tsohuwar mota ta Japan, fara, wadda ko ɓarawo ba zai kalla sau biyu ba. Shekara goma ke nan duk ranar da aka buɗe filin tseren motoci na kudu domin masu sha'awa, sai ya tafi da ita ya yi ta zagaye, ya dawo bai ce wa kowa komai ba.

"Kawu," in ji Bu Sagar, "wai minti nawa kake zagaya filin nan a cikin gwangwaninka?"

"Biyu da daƙiƙa sha ɗaya, in gwiwata ba ta tashi ba."

"Biyu da sha ɗaya! Kawu, ai a minti biyu ni na zagaya, na tsaya na sha shayi, na yi maka addu'a."

"Allah ya karɓa," in ji Kawu. "Ka taɓa shiga filin?"

"Me zan shiga in yi? Mutumin da ya hau tudun yashi mai tsawon bene biyar, kwalta ce za ta ba shi tsoro? Doki ɗari shida ne a cikin injin nan."

"Doki ɗari shida," Kawu ya maimaita a hankali, yana juya ɗan kofinsa. "Mahayin fa guda nawa?"

Diwaniya ta kwashe da dariya. Nan fa Bu Sagar ya miƙe tsaye, fuska ta yi ja, ya kama gashin bakinsa da yatsu biyu. Ina ganin haka na ce, "Bu Sagar, zauna, don Allah zauna." Ina! Bakin ya riga ya buɗe.

"Ku shaida, ku duka! Ranar farko da za a buɗe fili a Nuwamba, in ban zagaya da sauri fiye da Kawu ba, a aske wannan, a gaban jama'a!"

A wurinmu namiji ba ya kama gashin bakinsa da wasa. Mutum goma sha huɗu ne a zaune, kuma kowa ya ji. Kawu ya ɗaga kai ya dube shi kamar ɗalibin da ya rubuta amsa kafin a karanta tambaya, ya ce, "To, mun shaida. A zuba masa gahawa."

Washegari sai ga shi a shagona, ya tsaya a ƙofa yana toshe hanci.

"Mai faci, taya nake so. Irin ta 'yan tsere."

Na haɗiye maganar mai facin saboda Lulwa. Na zaunar da shi, na jawo taya guda na nuna masa. Na ce ga irin wadda sabon shiga ke buƙata, mai ɗan zane kaɗan, robarta da laushi, tana kama kwalta tun ba ta yi zafi sosai ba. Na ce ta baya ta fi ta gaba faɗi a motarsa, don haka girma biyu za mu ɗauko. Na ce sabuwa, wadda ba ta shekara a ajiye ba. Na ce ya je ya yi zagaye ko ashirin ne a hankali, ya san inda kwana take.

Ya sa ƙafa ya taɓa tayar. "Wannan mai zanen? Ta kai yara makaranta ce. A talabijin tayar 'yan tsere sumul take."

"Waccan sai ta yi zafi ƙwarai take kamawa, kuma sai wanda ya iya ne yake iya zafafa ta. Kai a sanyinta za ka hau, ta wurgar da kai."

"Wato ban iya ba?"

"Wato ba ka taɓa yi ba."

"Bu Nawaf, kai sayar da taya ka sani, ni tuƙa ta na sani. Mai sayar da tukunya ba shi ne mai girki ba."

"Mai girkin da bai taɓa shiga kicin ba fa?"

Ya murza gashin baki ya fita. Bayan kwana huɗu ya dawo da a-kori-kura, da tayoyi huɗu a baya, sumul, manya-manya, duk girmansu ɗaya. Wai wani mutum ne a waya ya sayar masa, wai wani zakaran tsere ne ya hau su a Turai. Na duƙa na karanta lambar da ke gefe. Shekararsu bakwai da fitowa daga masana'anta. Na danna farce, robar ko gezau.

"Bu Sagar, waɗannan sun girmi 'yarka ta ƙarshe."

"Sun ƙware ke nan."

"Sun mutu ke nan."

"Hassada," ya gaya wa direban a-kori-kurar. "Ka ga yadda hassada ke yi? Don ban saya a wurinsa ba."

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi. Amma maganata ta zafi ta shige masa kunne ta karkace. Ya je ya kalli talabijin, ya ga 'yan tsere suna lulluɓe tayoyinsu da bargon lantarki kafin a tashi. Sai ya kira ni a waya yana dariya.

"Turawan nan abin tausayi ne, wallahi. Bargo! Saboda ba su da rana. Mu da Allah ya ba mu ita kyauta? Na kai tayoyina saman bene. Daga yau har Nuwamba suna shan zafi. Ranar tsere kowa zai zo da ɗanyar taya, ni in zo da gasasshiya."

"A watan Agusta? A Kuwait? Bu Sagar, zafin ba ya zama a cikin taya kamar kuɗi a banki. Bushewa za su yi!"

"Ka ji ka kuma. In ka gasa burodi, ɗanye yake komawa?"

Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zai kai ni gaban surukata. Na gaya wa Lulwa, ta ce, "Ka dai lallaɓa shi, Yayana ne." Na ce ai shi ya sa har yanzu yake shigowa shagona da ƙafafunsa biyu.

Wata uku tayoyin nan suna kwance a rana mai narka takalmi. Duk yamma sai ya hau ya juya su, kamar mai gasa kifi. Unguwa ta ɗauki warin roba. Maƙwabcinsa Bu Talal, mai kiwon tantabaru a nasa benen, ya leƙo ta katanga.

"Bu Sagar, me ke ƙonewa a gidanka?"

"Ilimi ne, ba za ka gane ba."

"To ilimin naka ya hana matata shanya. Kuma tantabaruna biyu sun ƙaura, suna cikin tayarka ta uku. In sun yi ƙwai nawa ne."

Sun kuwa yi. Ranar da zai sauko da tayoyin, sai da aka yi shari'ar ƙwai a kan katanga, Bu Talal yana miƙo kwando, Bu Sagar yana rantsuwa cewa kashin tantabara ma yana ƙara wa roba ƙarfi. Da aka gama, na ce mu ɗaure su da igiya mu zuro ta waje ɗaya bayan ɗaya. Ya ce igiya ta masu ƙaramar dabara ce, taya ai don gangarawa aka yi ta. Ya tsayar da guda a bakin matakala, ya ce zai riƙe ta su sauka tare.

Matakala uku suka yi tare. A ta huɗu tayar ta ga ba ta buƙatarsa.

Ta sauka tana tsalle, dum, dum, dum, ta daki bangon kwana, ta juya da kanta, ta ci gaba. A ƙasa kuwa ranar ce matarsa Um Sagar ta tara mata shan shayin hantsi, su goma sha biyu, har da surukata da matar liman. Muka ji ƙofar falo ta buɗe da ƙarfi, muka ji faranti, muka ji kofuna, muka ji salati kala-kala. Da muka sauko, tayar tana kwance a tsakiyar darduma cikin shayi da alkaki, matar liman tana tsaye a kan kujera da takalmi ɗaya.

Surukata ta dube shi daga sama har ƙasa. "Mishari, shekararka arba'in da shida."

"Umma, kin ga yadda ta sha kwanar nan ita kaɗai? Babu direba fa!"

"Fita."

A shago na ce ba zan ɗaura su ba. Lulwa ta kira, surukata ta kira, har Kawu Abdulmuhsin ya kira ya ce, "Ɗaura masa, ɗana. In ba kai ba wani zai ɗaura, gara wanda zai ɗaure ƙusoshin da kyau." Na ɗaura, ina yi ina tsaki. Robar ta yi tauri har injin sai da ya yi kuka. Na gaban kuwa sun yi wa motar faɗi, in an juya sitiyari sosai sai su goga jiki su yi ƙiiii. Kafin ya fitar da motar daga ƙofar shago zuwa kan janwe, sai da ya yi gaba da baya sau tara, masu shagunan layinmu sun fito suna ƙirga masa da ƙarfi.

"Sitiyarinka ba ya kaiwa ƙarshe," na ce.

"A fili wa ke juyawa baya? Gaba kawai ake yi."

Ranar Asabar ta farko a Nuwamba, da hantsi, muka isa. Bu Sagar bai zo shi kaɗai ba. Ya gayyato diwaniya kaf, da abokan aikinsa, da Bu Talal mai tantabaru. Ya sa an kawo tukunyar majbus, dafa-dukar shinkafa da nama, mai cin mutum talatin, ta walimar nasara. Shi kansa yana cikin sabuwar rigar tsere ja, wadda ta matse shi a ciki har zip ɗin yana neman agaji. Ya yi wa gashin baki mai, yana ta ƙyalli.

Can sai ga farar motar Kawu ta shigo a hankali. A kujerar gefe akwai wani dattijo da 'yar jakar fata a cinya. Usta Ramzi ne, Bamisiren da ke yi wa Kawu aski shekara talatin.

"Kawu, me ya kawo wanzami filin tsere?"

"Iska ya zo sha," in ji Kawu.

Usta Ramzi ya fito, ya gaida kowa, ya tsaya yana kallon leɓen Bu Sagar da idon ma'auni. "Masha Allah," ya ce. "Minti huɗu."

Mai duba motoci, wani siririn mutum mai allo a hannu, ya zo kan motar ruwan ɗorawa ya tsaya cak. Tayoyin suna walƙiya kamar an tsamo su daga kasko. Ya shafa yatsa, ya duba.

"Mene ne wannan?"

"Man ƙyalli. Gwangwani biyu na fesa. Hoto za a ɗauka."

"Har inda take taka ƙasa ka fesa wa mai?"

"Ko'ina. Ni ba na rabin aiki."

Aka kawo masa bokiti da sabulu da buroshi. Zakaran Subiya ya durƙusa cikin jar rigarsa yana wanke taya, mutum talatin da ya gayyato suna tsaye a kansa da wayoyi. Da ya gama, mai dubawa ya danna robar, ya girgiza kai, ya sa geji ya auna iska, ya ga yadda na saka ta daidai. Ya ce tayoyin sun bushe, don haka rukunin sababbin shiga zai bi, kuma zagaye biyu na farko a bayan motar jagora. Ya manna masa wata babbar takarda kore a gilashin baya, alamar ɗan koyo.

"Ni? Ɗan koyo?"

"Ka taɓa shiga?"

"A zuciyata na shiga sau dubu."

"To zuciyarka ta bi rukunin ƙwararru, motar ta bi na koyo."

Rukunin Kawu ne ya fara. Tsohon nan ya sa hular kwano, ya yi bisimilla, ya shiga. Babu ƙara, babu hayaƙi, motar tana bin kwana kamar ana zuba ruwa a kwata. Allo ya nuna biyu da sha biyu, sannan biyu da goma. Ya fito ya cire hula, ya nemi a ba shi shayi.

Na waiga ban ga Bu Sagar ba. Sai na ji wani sauti daga bayan tantinmu, tsssss. Duk wanda ya taɓa fita yashi ya san wannan sautin. Na zagaya da gudu. Ga shi a tsugune, ya danna kan mukulli a bawul ɗin tayar gaba, ta baya biyu sun riga sun yi tumbi.

"Innalillahi! Me kake yi?"

"Yi shiru, kada su gani. Sirrin ke nan. Su 'yan birni ba su sani ba. In kana son taya ta kama ƙasa, ka rage mata iska ta baje. Har sha biyu a geji nake rage ta a Subiya, ban taɓa kafewa ba."

"Yashi ke nan! Wannan kwalta ce! Kana shiga kwana da gudu tayar za ta kwance daga rim!"

"Ƙasa ƙasa ce. Kakanninmu da wannan dabarar suka ratsa sahara."

"Kakanninmu raƙumi suka hau, Bu Sagar! Wa ya taɓa sace wa raƙumi iska?"

Na kama hannunsa, ya fizge. Na ruga neman famfo a motata, ina ƙwala wa mai dubawa kira, amma ƙarar injuna ta cinye muryata. Kafin in dawo an ɗaga wa rukuninsu tuta, ya bi layi ya shige. Na tsaya da famfo a hannu kamar wanda ya zo biki bayan an watse. Wallahi a lokacin tsoro ne ya kama ni, ba haushi ba, don wawa ne amma kawun 'ya'yana ne.

Zagaye biyu na farko a bayan jagora, a hankali, motar tana rangaji kamar mai ɗauke da tulu. Duk da haka da ya zo wucewa ta gabanmu sai da ya saki sitiyari ya ɗaga mana hannu biyu. Jagora ya kauce, aka saki hanya. Bu Sagar ya taka totur har ƙasa.

Gaskiya a miƙaƙƙiyar hanya dawakan nan ɗari shida sun yi aikinsu. Ya wuce mutum uku kamar suna tsaye. Jama'arsa suka ɗauki ihu, wani har ya buɗe tukunyar majbus. Sai kwanar farko ta zo, kamar yadda take zuwa wa kowa.

Ya taka birki a makare. Ya juya sitiyari, muka ji ƙiiii tun daga inda muke. Sai fam! Tayar gaba ta hagu ta kwance daga rim, ta yi sallama da motar, ta kama hanyarta. Motar ta juya sau ɗaya, sau biyu, ta bar kwalta da baya-baya, ta faɗa cikin filin yashin da aka zuba a gefen kwana domin tare irinsu. Ƙura ta tashi. Da ta lafa, sai ga jar riga tana motsi a ciki, lafiya lau, har yana gyara madubi.

Na ce alhamdulillahi sau uku. Daga nan haushina ya dawo da ƙarfinsa.

"To ai ga yashi," in ji Bu Talal da babbar murya. "An kai shi gida!"

Bu Sagar ma haka ya gani. Maimakon ya kashe mota ya jira, sai ya sa giya, wai zai nuna musu. Ya taka, tayoyin baya suka watsa yashi sama, motar ta nutse. Ya sa ta baya, ta ƙara nutsewa. Ya sake, ya sake, har cikinta ya zauna daram, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Yashin nan faɗinsa bai fi taku ashirin ba. Mutumin da ke hawa tudu mai tsawon bene biyar ya kafe a cikinsa, a gaban mutum ɗari biyu, sai ta taga aka zaro shi, zip ɗin rigar ya ƙarasa fashewa a hanya.

Aka ɗaga jar tuta, aka tsayar da kowa. Direbobi arba'in da suka jira wannan rana tun bazara suka dawo suka jera motoci suna huci. Tarakta ta tafi ta jawo motar, wani ma'aikaci ya biyo baya yana gangaro da tayar da ta gudu. Bu Sagar ya zo a zaune a gefen mai tarakta, yashi har cikin gashin baki, yana yi wa mutumin bayanin yadda ake jan mota.

Yana sauka ya fara. "Kwanar nan ba a gina ta daidai ba. Kuma yashinsu na kanti ne, ba na Allah ba. Kuma Bu Nawaf bai ɗaure..."

"Ƙarasa," na ce, ina ɗaga famfon. "Don Allah ƙarasa, ga mai dubawa nan, ga geji, a auna sauran ukun a gaban kowa."

Mai dubawa ya auna. Sha biyu, sha biyu, sha ɗaya. Ya ɗago ya dube shi, ya cire takardar shigarsa daga gilashi, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu.

Usta Ramzi ya riga ya shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ya jera aska da buroshi da kwanon kumfa. Wani ya kwantar da tayar da ta gudu a tsakiyar fili, wurin zama. Direbobin da aka ɓata wa rana suka matso, suka yi da'ira. Bu Sagar ya kalli askar, hannunsa ya tafi leɓensa da kansa. A karon farko tun da na san shi, bakinsa ya mutu. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba yashi ba ne.

Kawu Abdulmuhsin ya ajiye kofin shayinsa ya taso.

"Mishari, ɗan 'yar'uwata ne kai, ba na son in mai da kai wurin uwarka da fuska tsirara. Ni aka yi wa rantsuwar, ni kuma zan iya yafewa. Abu ɗaya za ka yi. Ka dubi mijin ƙanwarka, a gaban mutanen nan, ka ce: Bu Nawaf, ban san taya ba, koya mini. Shi ke nan. Ka tafi gida da gashin bakinka, mu ci majbus."

Jama'a suka ce, "Kai, Kawu ya yi adalci." Bu Talal ya ce, "Faɗi mana, kalma nawa ce?" Ni kaina na sauke famfon, na gyara tsayuwa. Ba zan ɓoye ba, shekara ashirin ina jiran wannan magana.

Bu Sagar ya dube ni. Ya buɗe baki. Ya ce, "Bu Nawaf..." Ya haɗiyi yawu. "Ban..." Ya dubi tawul, ya dubi Kawu, ya sake dubana, gumi yana bin yashin fuskarsa. Muna ta jira, har masu wayoyi hannunsu ya gaji.

Sai ya juya, ya taka zuwa tsakiyar da'ira, ya zauna daɓas a kan tayar, ya ɗaga haɓa sama.

"Aske."

Kawu ya girgiza kai ya koma wurin shayinsa. Usta Ramzi ya ɗaura masa tawul, ya shafa kumfa, ya yi bisimilla, ya ɗora aska. Ɓangaren dama ya zubo a kan tawul gaba ɗaya, da murɗinsa da mansa. Fatar da ke ƙasa fara fat, rabonta da rana shekara ashirin da bakwai. Babu wanda ya yi dariya, abin ya wuce dariya.

Usta Ramzi ya goge askar, ya zagayo ɓangaren hagu. Sai Bu Sagar ya ɗaga yatsa ɗaya daga ƙarƙashin tawul, da rabin gashin baki a fuskarsa, kumfa na shiga masa baki.

"Usta, dakata. Ba haka ake riƙe aska ba. Kawo in nuna maka."